Daga Ƙasan Jirgi Zuwa Saman Tirela: Asalin Wata Kalma Da Abin Da Ta Tono

A zangon karatun da ya wuce na ba ɗalibaina aikin fassara wani ɗan guntun bayani na Ingilishi a kan yadda talakawan Turai suka yi ta ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19. A cikin bayanin akwai kalmar "steerage", wadda ke nufin sashen da ya fi kowane arha a jirgin ruwa, inda marasa hali ke cunkushewa. Wani ɗalibi, mutumin Birnin Gwari, ya fassara ta da "garken jirgi". Da na nemi hujjarsa sai ya buɗe mini ƙamus, ya nuna mini cewa "steer" a Ingilishi na nufin sa wanda aka dandaƙe. Saboda haka, in ji shi, an raɗa wa wurin wannan suna ne domin ana loda mutane a cikinsa kamar yadda ake loda shanu. Ya ƙara da cewa shi ba labari aka ba shi ba, domin tun yana yaro yake ganin mutane zaune a bisa shanu cikin tirela a kan hanyar Kaduna.

Ban ba shi makin ba, kuma har yanzu ina nan a kan bakana. Amma maganarsa ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya kamata in kawo ta gaban masu karatun wannan mujalla.

Bari mu fara da ita kalmar. Ingilishi yana da "steer" iri biyu waɗanda rubutunsu da furucinsu suka zo ɗaya. Ɗaya suna ne na dabba, ɗaya kuma aikatau ne mai ma'anar sarrafa abin hawa ya bi inda ake so. Wanda yake shakkar cewa kalmomi biyu ne daban, sai ya leƙa Jamusanci, wanda yake ɗan'uwa ne na jini ga Ingilishi. A can sunan bijimi "Stier" ne, abin sarrafa jirgi ko mota kuwa "Steuer". Kalmar da muke magana a kanta daga aikatau ɗin ta fito, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar nan ta "-age" da Ingilishi ya aro daga Faransanci, wadda kan nuna aiki ko wurin da ake yin aikin. Abin sha'awa shi ne, wannan saiwa ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Duk direban da ya ce ya riƙe sitiyari, ita ya furta.

To, me ya haɗa tuƙi da ɗakin talakawa? Amsar tana cikin ginin jiragen da. A bayan kowane babban jirgi akwai wani faffaɗan allo a cikin ruwa wanda in an karkata shi jirgin ya juya. Bari mu kira shi majuyi. A jiragen ƙarni na 17, irin jirgin Mayflower da ya kai Turawan Ingila gaɓar Amurka a 1620, akan kafa wa majuyin wani dogon gungume wanda ke shiga cikin jirgin ta baya. A ƙarshen gungumen akwai sanda a tsaye wadda ta huda rufi ta ɓullo a wani ɗan ɗaki da ke gaban ɗakin kyaftin. A nan matuƙi ke tsayawa yana tura sandar dama ko hagu, sau da yawa ma ba ya ganin teku sosai, sai dai a ƙwala masa umurni daga sama. Wannan ɗaki shi ne "steerage" na asali, wato wurin tuƙi. A farkon ƙarni na 18 aka ƙirƙiro sitiyarin jirgi mai kama da ƙafar keke, aikin tuƙi ya koma sarari a saman jirgi, amma ɗakin ya ci gaba da amsa sunansa. Ƙananan ma'aikata suka riƙa kwana a ciki, aka kuma riƙa sayar da wurin ga fasinjan da ba shi da kuɗin ɗaki na kansa. Zuwa farkon ƙarni na 19 kalmar ta rabu da tuƙi kwata-kwata, ta zama sunan masaukin masu ƙaramin ƙarfi ko a wane ɓangare na jirgin yake. Jamusawa da Faransawa ba su bi ta wannan doguwar hanya ba, su kawai "tsakanin bene da bene" suke kiran wurin a harsunansu.

Hujjar da ta fi kashe zancen shanu ita ce ta lokaci. An riga an rubuta wannan kalma da ma'anar ɗaki a jirgi tun farkon shekarun 1600, alhali safarar shanu da ransu a ƙetare tekun Atlantika ba ta kankama ba sai a shekarun 1870. Ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya. Kama da wane kuwa, masu iya magana sun ce ba ta wane. Mu ma muna da irin wannan a gida, kuma abin dariya, mu ma sa ne ya shiga tsakani: har gobe akwai mai gaya maka cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito. Labari ne mai daɗin ji a dandali, amma babu masanin harshe da zai ɗora gini a kansa.

Kafin in wuce, ga wani abin lura. Kalmar gwamna da gwamnati su ma daga bayan jirgi suka fito. A Girkanci matuƙin jirgi shi ne "kubernetes", Latin ya are ta ya mai da ita "gubernator", ta biyo ta Faransanci da Ingilishi har ta iso gare mu. Ashe ke nan mai mulki da talakan fasinja daga kusurwa ɗaya ta jirgi sunayensu suka taso. Bahaushe da yake ba mutumin teku ba ne, shi daga raƙumi da doki ya ɗauko nasa misalin, yana cewa jan akala da riƙe ragama.

Yanzu sai tambayar da ta shafi kimiyya: don me bayan jirgi da goshinsa suka fi arha? Mai karatu ya ɗora dogon katako a kan dutse, ya sa yara biyu su zauna a bakunansa suna lilo. Wanda ya zauna a tsakiya, daidai kan dutsen, da ƙyar zai ji motsi. Wanda ke nesa da tsakiya da taku biyu kuwa, hawa da saukarsa sun ninka na wanda ke nesa da taku ɗaya. Haka jirgi yake a kan igiyar ruwa, goshi da baya su ke shan wujijjiga, tsakiya na zaune lafiya. A zamanin jiragen iska manya a baya suke zama bisa al'ada, kusa da kyaftin. Da injin tururi ya zo, aka sa farfela a baya, sai ƙara da girgiza suka haɗu da wujijjigar da ke akwai. Kamfanin White Star ya lura da haka, shi ya sa a jirginsa Oceanic, wanda ya fara aiki a 1871, ya mayar da ɗakunan masu kuɗi tsakiya, sauran kamfanoni suka bi sahu. Talakawa aka bar musu goshi da baya, can ƙasa kusa da ruwa, inda ba a iya buɗe taga in teku ta yi fushi. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta bas a kan hanya mai ramuka ya ɗanɗani wannan doka a ƙugunsa.

Rashin iska da cunkoso su suka fi igiyar ruwa kisa. A shekarar 1847, lokacin babbar yunwar ƙasar Ailan, zazzaɓin taifus ya yi ta cin fasinjojin ƙasan jirgi, har aka riƙa kiran jiragen da sunan akwatin gawa. A tsibirin Grosse Île na Kanada kaɗai, inda ake tsare masu cuta, an binne fiye da mutum 5,000 a wannan shekara. Sai a 1909 likitan nan Bafaranshe Charles Nicolle ya tabbatar da cewa ƙwarƙwata ce ke yaɗa cutar, wato ainihin abin da ke bunƙasa inda mutane suka gwamutsu makonni babu wanka babu sauya tufa. Haɗarin Titanic na 1912 kuwa ya fito da bambancin a lissafi. Cikin fasinjojin aji na ɗaya, kimanin uku cikin biyar sun tsira. Cikin na aji na uku, waɗanda yawansu ya kai wajen 700, ɗaya cikin huɗu ne kawai ya kai labari. Ko bayan an sauka lafiya bambancin bai ƙare ba, domin tsibirin Elis da ke bakin birnin New York, wanda ya tantance baƙi wajen miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954, na mutanen ƙasan jirgi ne. Masu manyan ɗakuna a cikin jirgi ake duba takardunsu su wuce.

Kada mai karatu ya zaci wannan labarin Turawa ne kurum. A 1880 wani jirgi mai suna Jeddah ya taso daga Singafo da Penang da maniyyata kusan 1,000. Da ruwa ya fara shiga cikinsa, kyaftin da manyan ma'aikatansa suka sulale cikin ƙaramin jirgi suka bar alhazan, suka isa Aden suka ba da labarin cewa jirgi ya nutse. Ba a jima ba sai ga wani jirgi ya jawo shi zuwa tashar, da mutanensa a raye. Kakanninmu da suka yi tafiyar Makka ta ƙasa, in sun kai Suwakin a bakin Bahar Maliya, a sararin jirgi suke zama cikin rana har Jidda. Fataken goro na Hausawa su ma sun san wannan zama a jiragen kamfanin Elder Dempster masu zirga-zirga tsakanin Ikko da gaɓar ƙasar da ake kira Ghana a yau, inda mai ƙaramin tikiti ke shimfiɗa tabarmarsa a daɓen jirgi kusa da huhunan goronsa. Ta wannan hanyar ruwa marigayi Alhassan Dantata ya riƙa safarar goro a farkon ƙarni na 20.

Duk da haka Hausa ba ta ajiye kalma guda ta musamman ga wannan wuri ba, kuma dalilin a fili yake. Jirginmu na asali gungume ne da aka sassaƙa daga maɗaci ko kawo, irin itatuwan da ke dazuzzukan Kamuku da Kuyambana, ana fito da shi a koguna kamar Mariga. Ba shi da sama ba shi da ƙasa, attajiri da almajiri duk ƙafarsu a ruwa ɗaya take. Da reluwe ya iso Kano a 1911 muka ce jirgin ƙasa, da na sama ya sauka a Kano a 1925 muka ce jirgin sama, muka ɗauki aikatau ɗin da muke tuƙa tuwo da kwalekwale da shi muka ba direba. Rabe-raben fasinja a tasha muka koye su, kuma a tasha kalmominmu suke. Akwai gidan gaba, kusa da direba, na mai hali. Akwai bodi, akwai saman kaya. A manyan bas-bas masu zuwa kudu akwai "atac", wato ɗan benci ko jarka da ake dasawa a tsakanin kujeru a kan rangwamen kuɗi. A ƙananan motoci irin su Golf akwai gaba biyu, akwai kuma wanda ake naɗewa a but.

A nan ne maganar ɗalibina take da nauyi. Abin da ya faɗa ƙarya ne game da jiragen Liverpool, amma gaskiya ne game da hanyar garinsu. Birnin Gwari tana kan tsohuwar hanyar da ta haɗa Kaduna da Tegina har zuwa Ikko, ga kuma wadda ta fito daga Funtuwa ta Dogon Dawa. Ƙasa ce ta masara da dawa da katako da dabbobi, saboda haka manyan motoci ba sa yankewa in hanya na biyuwa. An yi shekaru 'yan bindiga sun addabi yankin, har kasuwar kara ta garin ta daɗe a rufe kafin a sake buɗe ta a ƙarshen 2024. Wanda ya san hanyar ta Buruku da Udawa ya san abin da nake nufi: tirela cike da shanu, an gitta katakai a samanta, samari da dattawa sun jeru a kai, wasu masu kula da dabbobin ne, wasu kuwa fasinja ne da suka biya abin da bai kai kuɗin ƙaramar mota ba.

An sha cewa mutanen da ke sama su ke sa mota ta kife domin suna ɗaga cibiyar nauyinta. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Mutum 30 masu nauyin kilo 65 kowanne ba su cika tan 2 ba, a kan motar da ke ɗauke da tan 30. Shanun da ke ƙasa sun fi su haɗari ta wannan fuska, domin kaya ne masu rai, in mota ta sha kwana sai su zube gefe guda gaba ɗaya. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana kuwa yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato in gudu ya ninka biyu, shi ya ninka huɗu. Babban haɗarin na sama shi ne babu abin da ke riƙe da shi. Dokar motsi ta farko ta Newton ta ce abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya sai in wani abu ya tsayar da shi. In direba ya taka birki don kauce wa rami, mota ta tsaya, wanda ke kan katako bai tsaya ba. Faɗowa daga tsayin mita 4 kaɗai, ko da motar a tsaye take, na kai mutum ƙasa da gudun wajen kilomita 32 cikin awa. Sai a tara wannan da gudun da motar ke yi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana hana haɗa mutane da kaya ko dabbobi, tana kuma kama masu yi. Ban ga laifinta ba. Amma ra'ayina shi ne hani kaɗai ba zai yi aiki ba, domin babu wanda ke hawa saman shanu don sha'awa. Wanda aka sauke a Buruku zai jira ta baya ne ya hau, da babu ai gara ba daɗi. Tarihin kalmarmu ya nuna wata hanya. Turawa ba su soke ƙasan jirgi ba, da ma a nan kamfanoni ke samun riba mai yawa. Abin da suka yi shi ne suka sa masa ma'auni. Dokar Amurka ta 1819 ta ce kada jirgi ya ɗauki fiye da fasinja 2 a kan kowane tan 5 na girmansa, ta kuma wajabta wa kyaftin ya miƙa jerin mutanen da ya ɗauko. Dokokin da suka biyo baya suka riƙa ƙayyade faɗin wurin kowane mutum da iska da abinci. A Ingila, fafutikar ɗan majalisa Samuel Plimsoll ta haifar da dokar 1876 wadda ta sa a ja layi a jikin jirgi, in ruwa ya rufe layin to lodi ya yi yawa, kuma ko wanda bai yi boko ba yana iya gani daga gaɓa. Gwangwanin fenti guda ya isa a yi wa jiragen fito na kogin Kwara irin wannan layi. Na kan tuna da haka duk lokacin da aka ambaci jirgin da ya kife a yankin Patigi a watan Yuni na 2023 da mutanen da ke dawowa daga biki, inda fiye da 100 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Wani zai ce ai waɗannan dokoki an yi ta karya su, shekarar 1847 ma bayan dokar 1819 ta zo. Haka ne. Kuma abin da ya kawo ƙarshen ƙasan jirgi a ƙarshe shi ne dokokin taƙaita baƙi da Amurka ta yi a 1921 da 1924, waɗanda suka rage fasinjan, kamfanoni suka gyara ɗakunan suka sauya musu suna don jawo 'yan yawon buɗe ido. Amma ko dokar da ake karyawa tana barin abu guda, wato lissafi. Saboda jerin sunayen nan ne jikokin waɗancan talakawa ke iya gano ranar da kakansu ya sauka da jirgin da ya kawo shi. Mu kuwa in tirela ta kife da dare a cikin daji, ba direba ba yaron mota, babu mai iya faɗin mutum nawa ke sama, balle sunayensu. Abu mafi sauƙi da za a fara da shi, a ganina, shi ne littafi a kowace kara da kowace tasha, a hannun ƙungiyar direbobi, a rubuta duk wanda ya hau da garinsu. Sai kuma a ƙayyade yawan masu kula da dabbobi da kowace mota za ta ɗauka, a yi musu wurin zama mai shinge da abin riƙewa a bayan kan mota, aikin da kowane mai walda a Kaduna zai iya. In aka ƙidaya sauran da ba masu kula da dabba ba, sa'an nan ne hukuma za ta san yawan motocin rangwame da hanyar ke bukata a ranakun kasuwa.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu na jami'a. Abin da ya ba ni ikon ƙaryata zancen shanu shi ne Turawa sun tara misalan kalmominsu da shekarun da aka rubuta su, a babban ƙamusun Oxford da aka fara fitarwa a 1884 aka kammala a 1928. Mu muna da ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham, da na Jami'ar Bayero na 2006, duk ayyuka ne na a yaba, amma ba a gina su don nuna shekarar da kalma ta shigo ba. Kalmomin tasha kuwa da sauri suke haihuwa da sauri suke mutuwa. Yau kowa ya san "daf" sunan kamfanin DAF ne na ƙasar Holan, "kanta" kuma daga Canter ta kamfanin Mitsubishi. Nan da shekara 50, in ba a rubuta ba, na tabbata za a sami mai rantsuwa cewa an kira ta daf ne domin wanda ya hau samanta yana daf da kabari, kuma za a yarda da shi, don labarinsa ya fi na gaskiyar daɗi.

Game da fassarar, abin da na rubuta wa ɗalibin a gefen takardarsa shi ne "ƙasan jirgi, masaukin talakawan fasinja". Makin da ya rasa kuwa na ce zai iya fanso shi in ya je hutu gida. Zai zauna a tashar Birnin Gwari da kara da littafi a hannu, ya rubuto mini sunan kowane wurin zama a kowace irin mota, da kuɗin da ake biya, da abin da tsofaffin direbobi suka ce ana kiran wurin a zamanin motoci masu bodin katako.